Wayar birki da ta giya: ta ina ya kamata su bi a jikin keke?

Ɗan_Saƙo_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Matsala ce ta same ni da kekena, kuma da shi nake neman abinci, shi ya sa na kawo ta gabanku. Keken gwanjo ne mai giya, uku a gaba, bakwai a baya. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja a 2022 na jingine babur na koma kai saƙo da keke, daga Agege zuwa Ogba da Ikeja, wata rana har Maryland. Makon jiya wayar birkin baya ta tsinke, sai na ce bari in canza duka huɗun gaba ɗaya in huta. Na sayo sababbi, na zauna a ƙofar gida na zare tsofaffin, ban ɗauki hoto ba, ban kuma lura da inda kowace ta bi ba. Na mayar yadda idona ya ga ya dace.

Yanzu ga abin da ke faruwa. In na karya kan keken zuwa hagu sosai, birkin baya sai ya kama da kansa, alhali ban taɓa hannunsa ba. Giyar baya kuma tana tsalle, musamman in na miƙe tsaye ina taka feda a hawan gadar Pen Cinema. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini: ta ina kowace waya ya kamata ta bi? Ta dama ko ta hagun wuyan keke?

Mai_Shayi_Obalende:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kai wa mai gyara kawai. Birki ba abin wasa ba ne a titin Legas, da danfo a gabanka da tirela a bayanka.

Ɗan_Saƙo_Agege:
Gaskiyarka Malam, amma so nake in koya. Ba kullum zan riƙa tura keke ina neman mai gyara ba, kuma saƙon mutane yana hannuna.

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Wa alaikumus salam yaro. Ka yi daidai da kake son koyo. Maganar birkin da ke kamawa da kansa ba ta da wuya: ka yanke rigar wayar ta yi gajarta. Rigar nake nufi baƙin bututun nan da wayar ke gudana a cikinsa. Hannun birkin baya yana damarka ne, ko? To ina kyautata zaton ka sauko da rigar ta gefen dama, ka kuma ja ta ta miƙe sak don ta yi kyaun gani. In ka karya hagu, hannun dama yana yin gaba, yana nisa da firam. Rigar ba ta da sauran tsawo, sai nauyin jan ya koma kan wayar ciki, ita kuma aikinta ɗaya ne, ta ja birki.

Duba jikin ƙarfen sama, wanda ke tsakanin wuya da sirdi. Za ka ga 'yan kunnuwa da aka yi wa walda, inda rigar ke zama. In kunnen yana gefen hagu, to rigar daga hannun dama za ta zagayo ta gaban wuyan keke ta shiga ta hagu, ta yi lanƙwasa mai faɗi kamar baka. Firam ɗin da kansa yake gaya maka hanya, in ka tsaya ka kalle shi.

Kafin ka yanka, ka sa rigar a mazauninta ba tare da waya ba, ka riƙe da yatsa, ka juya kan keken har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu. Inda ta kai ba ta ja ba, nan za ka sa alama. Kada ka ƙara tsawon da ya wuce haka da yawa, don ita ma doguwa tana da nata sharrin: birki ya yi laushi, kuma tana kama abubuwa a cikin cunkoso.

Ɗan_Saƙo_Agege:
Baba kamar kana wurin. Na fita na duba yanzu, kunnen yana hagu, ni kuma na biyo da ita ta dama na tanƙwaro ta ta bayan wuya da ƙarfi. Allah ya saka da alheri. To giyar fa?

Bakatsine_Apapa:
Giyar ba waya ba ce, sarƙarka ce ta mutu. Duk keken gwanjo haka suke zuwa, haƙoran baya sun cinye. Ka canza sarƙa da firiwil ka ga.

Injiniya_Ikeja:
Bakatsine, yana iya zama haka, amma mu bi a hankali. Kafin ya canza waya giyar ba ta tsalle, bayan ya canza ta fara. Sarƙa ba ta mutuwa a dare ɗaya. Kuma tsalle iri biyu ne. Akwai wanda sarƙa ke zamewa a kan haƙorin da take, ka ji ƙas, ƙafarka ta faɗa ƙasa, amma giyar ba ta canza ba. Wannan na tsufan sarƙa da haƙora ne. Akwai kuma wanda sarƙar ke barin haƙorinta ta koma na kusa da shi da kanta. Wannan kusan kullum na waya ne.

Ɗan Saƙo, amsa mini wannan: rigar da ka sa wa giya, irin wadda ka sa wa birki ce, daga nadi ɗaya aka yanko maka?

Ɗan_Saƙo_Agege:
E, duk iri ɗaya ce. Mai shagon ya auno mini guda ɗaya doguwa, ya ce duk ɗaya ne. Kuma tsallen na biyun ne, tana komawa ƙaramin haƙori da kanta.

Injiniya_Ikeja:
To ga bakin zaren. Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ne abin da nake so kowa a nan ya riƙe, ko da ya manta da sauran.

Rigar birki kaurinta milimita 5 ne. In ka fere robar waje za ka ga ƙarfe a naɗe kamar sifirin, zagaye bayan zagaye. An yi ta haka don ta jure matsa mai ƙarfi: kome ƙarfin da ka damƙe birki, zagayen nan suna danne juna ne, ba sa fashewa. Aibinta shi ne tana ɗan motsewa, tsawonta yana ɗan canzawa in ta lanƙwashe. Birki bai damu da wannan ba.

Rigar giya yawanci milimita 4 ce, kuma a cikinta siraran wayoyi ne a jere a tsaye, suna bin tsawonta, robar waje ce kawai ta riƙe su. Ita ba ta motsewa, shi ya sa in ka danna giya ɗaya, wayar tana ja daidai gwargwadon da aka tsara. Tun da kamfanin kayan keke na Shimano suka fito da giya mai ƙas-ƙas a 1984, wadda kowace dannawa ke da ma'auninta, wannan ya zama dole. A giya bakwai tazarar haƙori da haƙori kusan milimita 5 ce kacal, wayar kuma abin da take ja a kowace dannawa bai kai haka ba. Ka ga in riga tana motsewa ko kaɗan, lissafin ya lalace.

Wayoyin ciki ma sun bambanta. Ta birki ta fi kauri, milimita 1.5 zuwa 1.6. Ta giya 1.1 zuwa 1.2. Kawunansu ma ba ɗaya ba ne.

Sa rigar birki a giya ɓacin rai ne kawai. Amma sa rigar giya a birki, wannan ganganci ne da rai.

Tsohon_Direba_Mile12:
Wannan magana ta ƙarshe ta Injiniya, na gan ta da idona. Ƙanena yana ɗauko kayan miya da keke daga kasuwa. Wani mai gyara, ba zan kama suna ba, ya sa masa siririyar rigar nan a birkin gaba saboda ita ce a hannunsa. Kwana biyu lafiya lau, har yana yabon birkin wai ya fi da kamawa. Ran na uku yana gangarowa da buhun tattasai a kariya, mota ta tsaya a gabansa, ya damƙe da ƙarfi. Rigar ta tsage daga gefe, wayoyin cikin suka fito tsaye-tsaye kamar bakin tsintsiya, hannun birkin ya tafi har ya taɓa kan keke, babu kome. Allah ya taimaka na baya ya ɗan riƙe, ya bugi bayan motar a hankali, gwiwa kawai ya ƙuje. Na riƙe rigar nan a hannuna na juya ta, har yau ina tuna yadda ta buɗe. Don Allah a kiyaye.

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Allah ya ƙara tsarewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce ko ba ka san milimita ba: kalli bakin rigar inda aka yanka. In ka ga zobe ɗaya na ƙarfe, ta birki ce. In ka ga ɗigo-ɗigo a zagaye kamar an jera allurai, ta giya ce.

Ɗalibi_Akoka:
Baba da Injiniya, ina da tambaya a kan hanyar wayar giya. Na ga wasu kekuna wayoyin biyu sun gitta juna a ƙarƙashin ƙarfen da ya gangaro daga wuya zuwa feda. Na ɗauka kuskure ne har na so in gyara wa abokina.

Injiniya_Ikeja:
Da gangan ake yi. A yadda aka saba, rigar giyar dama tana shiga kunnen dama, ta hagu tana shiga na hagu. Matsalar ita ce lanƙwasar tana yin tsanani, kuma rigar tana gogar wuyan keke tana cin fenti. Sai wasu suka ce to a zagayo da ta dama ta gaban wuya ta shiga kunnen hagu, ta hagu ta shiga na dama. Lanƙwasa ta yi faɗi, ba ta taɓa fenti. Amma tunda giyar baya dole wayarta ta ƙare a dama, sai tsiraran wayoyin su gitta juna a tsakiya kowace ta koma layinta kafin su isa gindin firam. Ɗan taɓa junan da suke yi ba ya hana kome. Sharaɗin shi ne kunnuwan su kasance ta ƙasan ƙarfen, yadda wayar ba za ta goge shi ba. In suna gefe-gefe sosai, ba zai yiwu ba.

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Ni dai ba na gittawa ga mai koyo. Na yarda yana aiki, na sha yi wa masu so. Amma yaron nan bai gama gane hanya miƙaƙƙiya ba tukuna. In ya gitta ya manta, gobe ya zo canza waya ɗaya sai ya rikice ya ɗaure ta gaba a ta baya. Fenti kuma, ɗan salatif ko guntun tsohon tub a liƙa a wurin ya wadatar.

Injiniya_Ikeja:
Na karɓa Baba. Ga mai farawa taka ta fi.

Tsohon_Ɗan_Acaɓa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ɗan Saƙo ya ce daga babur ya dawo keke, kamar ni. Babu wanda ya yi maganar abin da ya fi ba ni tsoro. A babur hannun dama birkin gaba ne, na hagu kuloci. Shekara goma sha ɗaya hannuna ya saba da haka. Da na hau keken gwanjo sai na tarar dama na baya ne, hagu na gaba. Ranar farko a Oshodi na ja hagu da dukkan ƙarfina kamar ina kama kuloci, tayar baya ta ɗaga sama. Tun ranar na sa aka juya mini wayoyin. Tunda yanzu kana cikin aikin, shawarata ka mayar da na gaba dama.

Mai_Shayi_Obalende:
A'a, wannan ba daidai ba ne. Yadda kamfani ya yi shi ne daidai. Duk keken da na sani dama baya ne.

Ɗalibi_Akoka:
Malam Mai Shayi, ba duka ba. Ya danganta da ƙasar da keken ya fito. Na Ingila da na Japan dama gaba ne. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai dama baya ne. Ana danganta abin da gefen titin da ake tuƙi: su Ingila da Japan hagu suke bi. Mu ma nan hagu muke bi a da, sai ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Gowon, aka koma dama. Shi ya sa a kasuwar gwanjo za ka ga iri biyun a jere.

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Ɗalibi ya tuna mini da da. Ina yaro lokacin da aka yi canjin hannun nan. Kekunan da muka koyi aiki a kansu, Raleigh da Hercules, daga baya Phoenix na Sin, ba su da waya ko ɗaya. Birkin sanda ne, ƙarfe ya ja ƙarfe har zuwa robar da ke kama rim ta ciki. Sandar ƙarfen ruwa bai dame shi ba, tsatsa sai dai ta yi masa ado, in ya lanƙwashe ka buga da guduma ya miƙe. Har yau masu ɗaukar kaya a Arewa ba su rabu da shi ba. Amma gaskiya in ruwan sama ya jiƙa rim ɗin ƙarfe, sai ka haɗa da ƙafa kafin ka tsaya. Kowane da ranarsa.

Maganar hannu kuwa, ina bayan ɗan acaɓa. Wanda hannunka ya saba shi ne daidai. Sai dai in ka juya, hanyar rigar ma ta canza: hannun hagu ne zai riƙe na baya, sai ka sake auna tsawo daga farko. Kuma duk wanda zai ari kekenka, ka gaya masa kafin ya hau.

Uwar_Biyu_Ketu:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Ni ba sana'a nake da keke ba, na 'ya'yana ne. Abin da ke damuna shi ne bakin wayar da ke saura bayan an ɗaure. Na ɗaya daga cikin tagwayena ya warware ya zama kamar gashi, ya soke ta a ƙafa har jini ya fito, ya kuma yaga mata wando na makaranta. Me ake yi masa? Babansu ya yanke da almakashi sai ya ƙara warwarewa.

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Akwai 'yar hular alminiyam da ake sa wa bakin a matse da filaya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kowane mai gyara yana da ita. In babu, a ɗiga gam mai ƙarfi a bakin tun kafin ya warware. A bar kamar faɗin yatsu biyu bayan notin, a lanƙwasa shi ya kauce wa ƙafa da taya. Wadda ta riga ta warware har kusa da noti kuwa, a canza ta gaba ɗaya, don silin da ya fara tsinkewa ba ya tsayawa shi kaɗai. Almakashi da filaya suna murƙushe waya ne. Akwai abin yanka na musamman mai baki kamar na aku, yana rungumar wayar ya datse ta a zagaye.

Uwar_Biyu_Ketu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe in sha Allahu za a kai.

Maigadi_Lekki:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ku da ke can cikin gari ba ku san abin da muke gani a nan bakin teku ba. Iskar nan gishiri ne da ita. Kekena a ƙarƙashin rumfa yake kwana, ruwa ba ya taɓa shi, amma duk da haka waya sabuwa fil sai ka ga ta yi fari-fari, daga nan ta yi ja. Damina kuma, wajen Yuni da Yuli, in titi ya cika da ruwa, dole ka ratsa. Ruwan yana shiga riga ya kwanta a inda ta yi ƙasa. Watannin baya birkina in na kama ba ya sakewa sai na mayar da hannun da yatsa. Da na zare wayar, daidai inda rigar ta yi lanƙwasa ƙasa, tsatsa ta ci rabinta, da na lanƙwasa ta sai ƙura ja ta zubo mini a tafin hannu.

Abin da na koya: in za ka saya, ka nemi wayar da ba ta tsatsa, wadda suke ce wa sitenles, tana da sheƙi da santsi. Mai arhar, mai ruwan toka, ba ta kai ko'ina a nan. Sannan kada ka bar rigar ta yi ciki ƙasa inda ruwa zai taru.

Bakatsine_Apapa:
Mu ma Apapa haka ne. Ni baƙin mai nake ɗurawa a cikin rigar duk wata.

Injiniya_Ikeja:
Baƙin mai yana taimakon kwana biyu, daga nan ya tara ƙura ya zama kamar kwalta. Rigunan yanzu suna da siririyar roba a ciki mai santsi. Ɗan mai mara kauri ko shafin giris kaɗan a jikin wayar ya isa. Inda ya fi buƙatar kulawa wuri biyu ne, kuma duka suna da alaƙa da matsalar Ɗan Saƙo.

Na farko, ka kifa keken ka duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Akwai 'yar roba mai layi biyu da wayoyin giya ke bi. Duk taɓon da tayar gaba ta watso nan yake sauka. In wayar ta maƙale a nan, ko ka sa ta a layin da ba nata ba, to duk sanda ka miƙe ka taka da ƙarfi firam yana ɗan murɗawa, sai ya ja wayar ko ya sake ta, giya ta canza da kanta. Ka ce a hawan gada take yi maka, shi ya sa nake zargin wurin.

Na biyu, guntuwar rigar ƙarshe da ke shiga giyar baya. Ita ce ta fi kusa da ƙasa, ita ce ta fi lanƙwasa. Kada ta yi gajarta. Ta yi zagaye mai kyau ta shiga notin saiti a miƙe, ba a karkace ba.

Ɗan_Tsere_Ikoyi:
Ku gode wa Allah naku a waje suke. Ni da nake fita motsa jiki da asuba ta gadar Lekki da Ikoyi, kekena wayoyinsa ta cikin firam suke bi. Kyau kam akwai, kuma gishirin da Maigadi ke faɗa bai cika samunsu ba. Amma ranar da na zare tsohuwar waya gaba ɗaya ba tare da na bar wani abu a ciki ba, na kwana biyu ina leƙen rami da tocilan. Abin da ya cece ni zaren ɗinki ne: na tura shi ta ramin sama, na sa injin shara ya zuƙo shi ta na ƙasa, na ɗaura wayar a jiki na jawo. Duk mai irin wannan, kafin ka zare tsohuwa ka zura siririn bututu a kanta ya bi ta har ya fito, ka bar shi a ciki, sabuwar ta bi ta cikinsa.

Mai_Shayi_Obalende:
Kun ga abin da na faɗa tun farko ke nan. Aikin nan yana da yawa. Ni dai har yanzu ina ganin a bar wa masu shi.

Tsohon_Ɗan_Acaɓa:
Malam, masu shi ma koya suka yi. Kuma mutumin da ke yini a titi gara ya san abin da ke tsakanin yatsunsa da tayarsa.

Ɗan_Saƙo_Agege:
Na dawo. Na koma kasuwa da guntun tsohuwar rigar giyar a aljihu, na nuna, na samo irinta mai ɗigo-ɗigo a baki. Injiniya, ka yi gaskiya a kan robar ƙasa: wayar giyar baya ba ta ma cikin layin, ta hau gefe tana gogar ƙarfe. Na wanke wurin na mayar da ita. Birkin baya na sake yanko riga mai tsawo, na zagayo da ita ta gaban wuya zuwa hagu kamar yadda Baba ya ce. Yanzu ina juya kai har ƙarshe ba ya kamawa.

Saura biyu. Bayan na yanka rigar, wayar ta ƙi shiga sai da na yi ta fama. Sannan giyar ta daina tsalle, amma tana jinkirin hawa babban haƙori, sai na ɗan ƙara dannawa. Akwai wasu sukurori biyu a jikinta masu alamar H da L, in murza su?

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Kada ka taɓa su! Waɗannan iyaka ce kawai, su ke hana sarƙa faɗawa cikin taya ko ta fita waje. Tunda ba ka taɓa su ba tun farko, suna nan daidai. Naka sassauci ne. Sabuwar waya kullum sai ta saki kaɗan, ba miƙewa take ba, rigar ce da 'yan hulunan da ake sa wa bakunanta suke gama zama a mazauninsu. Ka sa giya a ƙaramin haƙori, ka kama tsirarar wayar a jikin firam ka ja ta da hannu sau uku ko huɗu da ɗan ƙarfi. Sannan ka je wurin notin da ake murzawa da yatsa, inda rigar ke shiga giyar baya, ka warware shi waje rabin zagaye. Juya feda, danna ɗaya. In ta hau nan take, shi ke nan. In tana jinkiri, ƙara rabi. In ta fara jinkirin saukowa, ka wuce, koma baya kaɗan.

Wahalar shigar waya kuwa, yanka ne ya matse bakin. Bayan ka yanka, ka sa tsinin ƙusa ko kibiya ka buɗe robar ciki. Ta birki kuma ka goga bakin da zarto mai laushi ya kwanta daidai, don in ya bar ƙaya tana cin waya. Ka sa wa kowane baki hularsa? Ta giya in babu hula, siraran wayoyin nan za su riƙa zamewa suna kutsawa cikin kunnen firam, saitinka ba zai taɓa zama ba.

Ɗan_Saƙo_Agege:
Biyu na sa, biyu sun faɗi a ƙasa ban gan su ba, na ce ba kome. Gobe da safe zan nemo.

Injiniya_Ikeja:
Nemo su kafin ka yi saitin, in ba haka ba sau biyu za ka yi aikin. Kuma kafin ka hau titi, ka tsaya ka damƙe kowane birki da dukkan ƙarfinka sau goma. In notin bai riƙe wayar da kyau ba, gara ta zame a ƙofar gida. Hannun birkin kada ya kai ga taɓa kan keke.

Tsohon_Ɗan_Acaɓa:
Ba ka faɗa mana ba, ka mayar da na gaba dama ko ka bar shi?

Ɗan_Saƙo_Agege:
Na bar shi yadda yake tukuna, Yaya. Shekara biyu da wani abu ke nan ina hawansa a haka, ina jin hannuna ya riga ya koyi sabon. Ina tsoron in juya in sake rikicewa.

Tsohon_Ɗan_Acaɓa:
Ni hannuna bai taɓa mantawa ba. A lokacin firgita tsohon sabo ne ke fitowa. Amma kai ka san kanka.

Maigadi_Lekki:
Baba, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Birkina irin mai dogayen hannuwa biyu ne a gefen taya, wanda waya ke shiga ta wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe. Cikin bututun nan ne ruwa ya fi taruwa. Ana samunsa shi kaɗai, ko sai na sayi birkin gaba ɗaya?

Baba_Mai_Keke_IdiAraba:
Ana samu shi kaɗai. Ka cire naka ka tafi da shi, don lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce, wani ya fi wani buɗewa. Ka haɗa da 'yar robar nan mai kama da tsutsa da ke rufe wayar a tsakanin hannuwan biyu, ita ce ke tare ruwan. In naka ya zo babu ita, shi ya sa yake sha.